Tsauni, Ƙololuwa da Sanyin Bisa: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani malamin makaranta daga Tibiri ya aiko yana tambayar bambancin tudu da dutse da tsauni, domin yana koya wa ɗalibansa labarin ƙasa, kuma ya ga littattafai suna cakuɗa kalmomin uku.

Malam, tambayarka ta dace, musamman a ƙasarmu ta Maradi wadda jigawa da fadamar Gulbi suka mamaye, inda yaro zai girma bai taɓa ɗaga kai ya dubi tsauni ba. Tudu wuri ne da ya ɗara kewayensa tsawo, ko da na yashi ne, kishiyarsa kuwa kwari, shi ya sa wanda ya kuɓuta daga wahala ake cewa ya kai tudun mun tsira, domin can ne ambaliya ba ta kaiwa. Dutse ya haɗa ƙaramin da ake jifa da shi da babban da ake hawa. Tsauni kuwa ba a ɗaukarsa a hannu, sai dai a hau shi, kuma ƙarshensa na bisa shi ne ƙololuwa, 'yar'uwar ƙoli da muke ji a cikin kotun ƙoli. A ganina, idan kana magana a kan Bagazam da ke ƙasar Azbin, arewa da Agadas, tsauni ya fi dacewa, domin ƙololuwarsa da Buzaye ke kira Idukal-n-Tagas ta kai mita 2,022, kuma babu wurin da ya fi ta tsawo a duk faɗin Nijar. Ka gaya wa ɗalibanka cewa wurin ba baƙo ba ne gare su, tun da tarihin Gobirawa ya nuna kakanninsu sun zauna a Azbin kafin su gangaro kudu.

Wata ɗaliba daga Tasawa kuma ta ce: yaya za a yi ƙololuwar tsauni, wadda ta fi kusa da rana, ta fi ƙasa sanyi, kuma wane suna ne ya dace da wannan sanyin?

Ɗiyata, rana ba ta dumama iska kai tsaye sosai. Ƙasa take fara gasawa, sannan ƙasar ta dumama iskar da ke kwance a kanta. Iskar da ta tashi sama takan buɗe saboda nauyin da ke danne ta ya ragu, idan ta buɗe kuma sai ta huce. Masana sun auna cewa duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Maradi ba ta kai mita 400 daga doron teku ba, don haka tsakaninta da ƙololuwar Bagazam akwai ratar fiye da digiri 10 saboda tsawo kaɗai. Wannan ne ya sa a daren hunturu ruwan da aka bari waje a kan tsaunukan Azbin yakan wayi gari da daskarewa, kuma masu lambu a can suke samun dankalin Turawa da tafarnuwa masu kyau. Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, yana yankin zafi, amma ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa.

Game da suna, sanyi kalma ce ta gama-gari, har da na damina mai laima. Ɗari shi ne busasshen sanyin da ke fasa leɓe da diddige, wanda ke zuwa da hazo, jaura kuwa ita ce wadda iska ke kaɗawa har ta ratsa bargo. Na Azbin ɗari ne, domin iskarsa ba ta da laima. Ƙanƙara a asali ita ce ƙwayar ruwa daskararriya da ke faɗowa da hadari tana kakkarya gero. Da Hausawa suka ji labarin wadda ke zubowa fara, laushi-laushi, sai suka kamanta ta da dusar da ake ba dabbobi, suka ce dusar ƙanƙara. Ina ƙaunar wannan ƙirƙira, domin ta fito daga turmi da matankaɗi, kuma ina roƙon masu fassara labarai su daina kiran komai ƙanƙara kawai.

Ita ɗalibar ta ƙara da neman ma'anar “hangen Dala ba shiga birni ba”. Dala dutse ne a cikin birnin Kano, wanda fatake ke hangowa tun suna da sauran tafiya mai nisa, don haka ana faɗar maganar ga wanda ya ga alamar biyan buƙata ya ɗauka ya riga ya samu. A Azbin abin ya fi tsanani, saboda idan babu ƙura iskar hamada garau take, tsauni yakan bayyana tamkar yana bayan gari, alhali tsakaninsa da matafiyi akwai ƙoramu busassu da duwatsun da sai jaki ko ƙafa ke iya ratsawa.