Alƙalin da ya ci kamfanin mai tarar dala miliyan 29

Tambaya: Malam, na ji an ce wani alƙali a Amurka ya taɓa cin kamfanin Rockefeller tarar da ba a taɓa jin irinta ba, daga baya kuma ya bar alƙalanci ya koma harkar wasa. Da gaske ne? Daga wata ɗalibar shari'a.

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yata. Sunansa Kenesaw Mountain Landis, an haife shi a jihar Ohio a 1866. Shugaba Theodore Roosevelt ne ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya a Chicago a 1905.

A 1907 aka gurfanar da Standard Oil na Indiana, reshen kamfanin man fetur na attajiri John D. Rockefeller, a gabansa, bisa laifin karɓar rangwame a asirce daga kamfanin jirgin ƙasa, abin da ke durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa. Landis ya sa aka kawo John D. Rockefeller da kansa ya ba da shaida. Laifi 1,462 aka samu kamfanin da su, ya ɗora wa kowanne dala 20,000, jimla dala 29,240,000. Ƙasa ta ɗauka da maganarsa. Sai dai a 1908 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ko sisi ba a biya ba.

Ina jinjina wa ƙarfin halinsa, amma akwai abin da ke ci mini rai game da shi. Zafin da ya nuna wa attajiri, shi ya juya kan masu adawa da yaƙin duniya na ɗaya. Ya yanke wa shugaban 'yan ƙwadago Bill Haywood shekara 20 a 1918, haka ma a 1919 ya yi wa Victor Berger, ɗan gurguzun da jama'a suka zaɓa zuwa majalisa. A 1921 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin Berger, ta ce tunda an yi rantsuwa cewa Landis na ƙin Jamusawa, alhali wasu daga cikin waɗanda ake tuhuma 'yan asalin Jamus ne, kamata ya yi ya bar wa wani alƙalin shari'ar. Ke da za ki sa rigar lauya, ki nemi wannan hukuncin ki karanta shi da natsuwa.

Batun wasa kuwa, a 1920 masu ƙungiyoyin besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, suka ɗauko shi ya zama kwamishinansu na farko, bayan zargin cewa wasu 'yan wasa sun karɓi kuɗi sun sayar da gasar 1919. Kotu ta wanke 'yan wasan Chicago White Sox da aka tuhuma, shi kuwa ya haramta wa takwas wasa har abada. Ya ajiye alƙalanci a 1922, ya riƙe besbol har mutuwarsa a 1944, kuma duk tsawon mulkinsa babu baƙar fata ko ɗaya da ya buga a manyan gasanni.