Masu bin kowane kati ba sa jin burga

Ɗan'uwa, ka ce a ƙananan gasannin foka (wasan kati na caca) na dala ɗaya ko biyu, mutanen nan masu shiga kusan kowane zagaye, su yi ta bi (wato biyan daidai abin da wani ya zuba) ba sa ƙari, su ne ke fitar da kai, kana tambaya ko ka ƙara matsa musu. A'a. Matsin da kake nufi burga ce, wato zuba kuɗi da kati mai rauni don a tsorata a ajiye maka, ita kuwa burga mai tsoron asara take ci. Wanda ya biya dala ɗaya don nishaɗi bai zo ajiye kati ba, ya zo ne ya ga katin ƙarshe.

Na daɗe ina zama da irinsu, kuma ta hanya ɗaya ake cin su: ka riƙe abin da ya fi nasu, ka sa su biya da tsada. A ce kana da A da K, sai A ta fito cikin katuna ukun farko da ake buɗe wa kowa a tsakiya. Kada ka yi lamɓo kana jiran ya zuba, don ba zai zuba ba. Kai za ka zuba, a nan, a kati na huɗu, har a na biyar. Kuma kada ka yi rowar zubi. Mai jiran fulash, wato yana da kati huɗu masu alama ɗaya yana neman cikon na biyar, katuna 9 ne cikin 47 da bai gani ba za su cece shi: kusan kashi 19 cikin 100 a kati mai zuwa, kusan 35 in zai ga biyun da suka rage. In ka zuba biyu bisa uku na abin da ke tsakiya, sai damarsa ta kai kusan kashi 29 kafin bin ya yi masa daidai. Shi ina ruwansa da lissafi? Ka zuba rabi ya bi, ka zuba daidai da tulin ya bi. To don me za ka sayar masa da arha?

Inda na ga ’yan wasa masu kyau suna barin kuɗi shi ne katin ƙarshe. Suna da babbar tagwai (kati biyu masu lamba ɗaya) amma katin rakiya, wato ɗayan katin hannunsu, mai rauni, sai su ji tsoro su wuce. Da irin wannan abokin wasa, zuba. Zai bi ka da tagwai ta biyu, ta uku, wani lokaci da A tsirararta, wai don ya tabbatar ba ƙarya kake masa ba.

Amma ranar da ya ƙara a kanka, musamman a kati na huɗu ko na biyar, ka yarda da shi. Mutumin da ya yi awa guda bai ɗaga ba, ba yau zai koyi burga ba. Tagwai ɗaya ba ta isa ba, ajiye, ko da A biyu ne a hannunka.

Tun kafin a buɗe kati kuma ka rage taron. A biyu suna cin mutum ɗaya kusan kashi 85, amma a gaban mutum huɗu sun dawo kusan 56. Ni ina ɗaga zuwa ninki huɗu na babban bulayin (zubin dole da ake sawa kafin a raba kati), in ƙara ɗaya kan kowane wanda ya shigo da bi kawai, kuma na fi so in zama ni ne na ƙarshen yin magana. Ƙananan tagwai irin 5 biyu, kusan sau ɗaya cikin takwas suke zama uku a buɗin farko, don haka sai in cif ɗinku (kwabban wasa) na da yawa suke biyan wahala.

Da bulayin ya yi tsada, cif ɗinka ya sauko wajen ninki 10 na babban bulayin, abin ya sauya. Zuba duka da 7 da 6 masu alama ɗaya yana aiki ne in ana ajiye maka, su kuwa ba sa ajiyewa. Jira tagwai, ko A da rakiya mai kyau, ko K da Q.

Kashi 35 ɗin nan na mai jiran fulash kuma yana zuwa, sau ɗaya cikin uku, kuma yawanci wajen kashi 15 na waɗanda suka shiga gasa ne kaɗai ke samun wani abu. Za ka yi wasa daidai a fitar da kai sau da yawa a jere, shi ya sa kuɗin cefane ba ya zuwa teburin nan.