Me Ya Sa Rijiyar Mai Take Cin Watanni Kafin a Gama Haƙa Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata haƙa rijiyar burtsatse ce, kwana biyu ko uku mun kai ga ruwa. Ita kuwa rijiyar mai, me ke cikinta da take cin watanni da maƙudan kuɗi? Ba rami ba ne mai zurfi kawai? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tunda kana cikin sana'ar, rabin bayanin yana hannunka. Burtsatse galibi mita ɗari ko ɗari biyu ce. Rijiyar farko da ta ba Najeriya mai a Oloibiri a 1956 kuwa ta haura mita 3,600, kuma a ma'aunin yau ba ta cikin masu zurfi sosai.

Abin da ya fi hana masu wannan aiki barci shi ne matsin da ke can ƙasa. Mai da iskar gas suna danne ne a cikin ƙananan ƙofofin dutse, da nauyin ƙasa mai kilomitoci a kansu. Da zarar bakin na'urar haƙa ya huda wurin, sama suke nema da ƙarfin tsiya. Lakar da ake turawa ta cikin bututu ita ke tare su. Ka san irinta a wurin aikinku, tana sanyaya bakin haƙa, tana kwaso ɓarɓashin dutse. Ta rijiyar mai ana ƙara mata garin wani dutse mai nauyi da ake kira barait, wanda ake samu a Azara ta jihar Nasarawa, domin nauyinta ya rinjayi abin da ke tasowa.

A nan gwanintar take. In lakar ta yi sauƙi, gas ya kutso cikin rijiya, kuma yana hawowa yana kumbura. In ta yi nauyi fiye da kima, ta fasa dutsen ta zurare ciki, rijiya ta rage laka, gas ɗin dai ya sami hanya. Tazarar da ke tsakanin biyun ƙara matsewa take yi yayin da ake nitsawa. Shi ya sa ake tsayawa mataki-mataki, a zura bututun ƙarfe, a zuba siminti a bayansa, a jira ya kama, a gwada shi, sannan a ci gaba da baki mafi ƙanƙanta. Ni a ganina duk wanda ya yi gaggawa a wannan mataki da ran mutane yake wasa. Ranar 20 ga Afrilu 2010, a dandamalin Deepwater Horizon da ke Tekun Meziko, simintin gindin rijiya bai tare gas ba, na'urar toshe bakin rijiya ma ta gaza. Ma'aikata 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara cikin teku.

Sai zafi, wanda ke ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Yana lalata laka, da robobin toshe mahaɗa, da na'urorin awo. Ramin bincike na Kola a Rasha ya kai mita 12,262 a 1989, inda suka tarar da zafin digiri 180, daga nan bai ƙara zurfi ba.

Ga kuma abin da ke cinye kwanaki. In bakin haƙa ya dakushe a kilomita biyar, dole a zaro bututun gaba ɗaya, ana kwance shi galibi gaɓa uku-uku, kowace gaɓa kimanin mita tara, a sauya, a mayar. Yini guda ya tafi ko fiye, kuɗin hayar na'ura kuwa na gudu. A hamadar Taklimakan ta Sin, wata rijiya da aka fara a Mayun 2023 ta kai mita 10,000 cikin kwana 279, amma mita 910 na ƙarshe da aka ƙara a kai sai da suka ci fiye da kwana 300.