Tambaya da Amsa: Ina Bindiga Mai Famfo Mai Cin Harsashin Libarba Ta Shige?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mafarauci ne, ɗan mafarauci. Bindiga mai famfo da muka sani a nan ita ce irin ta 'yan sintiri, mai watsa ƙwayoyin dalma. Ɗana da ke karatu a Amurka ya je wajen baje kolin bindigogi, ya ce ya ga masu liba (wato masu mariƙin ƙarfe a ƙasa da ake bankarawa don ɗura harsashi) irin na finafinan kaboyi birjik, masu cin harsashin libarba, amma mai famfo ko ɗaya bai gani ba. Ba a ƙera ta ba ne, ko kuwa ba ta da kyau? (Mai karatu daga Birnin Kebbi)

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. An ƙera ta, kuma tana da kyau. Gaskiyar ɗanka ce, ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma ni kaina abin yana damuna.

Bari in fara da dalilin da ya sa aka so doguwar bindiga mai cin harsashin libarba tun asali. Makiyayin da ke yammacin Amurka a shekarun 1880 yana son ya zuba harsashi iri ɗaya a jaka, ya ɗura wa ta ƙugu, ya ɗura wa ta kafaɗa. Masana'antar Winchester ta riga kowa cin wannan kasuwa da bindigarta mai liba samfurin 1873, mai harsashin .44-40. A 1884 masana'antar Colt ta fito da tata mai famfo, ta raɗa mata suna Lightning, wato walƙiya. Sunan ya dace da ita: idan mai harbi ya danne kunama bai saki ba, duk sa'ad da ya ja famfon, wato mariƙin da ke ƙarƙashin bututu, ya tura shi gaba sai ta tashi. 'Yan sandan San Francisco sun sayi guda 401 a 1898. Duk da haka, a 1904 Colt ta daina ƙera ta. Masana'antar Remington ma ta gwada da samfurin 14½, daga baya aka ajiye shi.

Na taɓa riƙe irin Lightning ta zamani a wani filin koyon harbi a Texas. Ta wani dattijo ce mai farin gemu, ƙotarta ta yi sulɓi saboda yawan riƙo. Harsashi uku na farko sun tafi lafiya, idona bai bar saiti ba, hannun dama bai gusa daga kunama ba, kuma a nan ne ta fi mai liba. A na huɗu ban ja famfon ya kai ƙarshe ba, sai kwanso ya maƙale a baki. Dattijon ya karɓa, ya fizge shi da ƙarfi, ya ce min wannan bindiga ba ta son lallashi.

Matsalar ke nan, Baba. Liba tana ninka ƙarfin hannu kamar yadda ƙarfen ɗaga taya ke yi, ko kwanso ya kumbura ta fizgo shi. Famfo kuwa ƙarfin damtsenka ne kawai. Ga harsashin libarba gajere ne, da leɓe a gindi, kuma ɗaga shi daga bututun ƙasa zuwa bakin wuta yana son ƙira mai daidaito sosai. Daidaito kuɗi ne. Kamfani zai kashe fiye da na mai liba, ya sayar wa mutane kaɗan.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce Timber Wolf, da masana'antar makamai ta Isra'ila ta fitar a ƙarshen shekarun 1980, mai harsashin .357 Magnum. Ana raba ta biyu a sa a jaka, waɗanda suka mallake ta suna yabonta, amma ba ta yi kasuwa ba aka daina. Yau sai dai ta hannu, da tsada.

Doka ma ta sa hannu. Bayan kisan gillar da wani ɗan bindiga ya yi a garin Hungerford na Ingila a 1987, Birtaniya ta yi doka a 1988 da ta haramta raifil mai famfo da mai ɗura kanta, ban da ƙaramar .22. Mai liba ta tsira. Da aka hana ƙananan bindigogin hannu irin su libarba a 1997, masu wasan harbi na ƙasar suka koma kan mai liba ta .357.

A Amurka kuwa mai famfo tsakiya ta faɗa. Mai son tarihi yana sayen mai liba domin ita ya gani a hannun kaboyi, mai son sauri yana sayen mai ɗura kanta ta harsashin milimita 9, wadda ƙirarta ta fi sauƙi da araha.

Idan ɗanka yana son ya ganta da idonsa, ya nemi inda ake gasar harbi irin ta kaboyi. A can ake ganin irin Lightning da kamfanonin Italiya, Pedersoli da Uberti, suka sake ƙerawa. Ka gaishe min da shi, Allah Ya ba shi sa'ar karatu.