Ga ƙanwarmu da ta ce girki ya fita ranta

Wa alaikis salam ƙanwata. Na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce wata 5 da aurenki, kullum kina bin bidiyon masu girki a Instagram da TikTok, amma naki ba ya fitowa kamar nasu, tuwo ya yi gudaji, miya ta ƙi yin kala, har kin fara jin faɗuwar gaba idan lokacin ɗora tukunya ya yi. Na san wannan faɗuwar gaban, don ni ma na yi ta, ko da yake a lokacina ba waya ba ce ke tsorata mu, idon dangin miji ne.

Satina na biyu a ɗaki uwar mijina ta zo, Allah Ya jiƙanta. Tun asuba nake ta haɗa kalolin abincin da ban taɓa gani a tukunyar gidanmu ba, don a ce amarya 'yar birni ce. Ta ɗan taɓa, ta sa albarka. Da yamma na tuƙa tuwon masara da miyar kuka irin yadda Innarmu ke yi, ina jin kunyar kai mata. Ta cinye malmala biyu, ta ce in ajiye mata sauran don ɗumame, sannan ta tambaye ni wa ya koya mini daka wake a cikin kuka. Muka zauna a tabarma har bayan isha'i muna hirar miya. Daga ranar na daina girki don a gani.

Ki duba miyar kuka da kyau. Ganyen bishiyar kuka ne aka shanya aka daka, kalarta kore mai duhu, wani lokacin har ta yi kamar baƙa. Ba ta yin kyau a hoto, kuma ba za ta taɓa yi ba. Daɗinta yana cikin daddawa, ita kuwa daddawa kalwar ɗorawa ce da aka dafa ta yi laushi, aka rufe ta kwana 2 zuwa 3 har ta ruɓa ta yi wannan warin da wasu ke yatsine wa fuska. Waya ba ta ɗaukar ƙamshi, ba ta ɗaukar ƙarar soyayyen man shanu idan ya sauka a kan miya mai zafi. Gani ba ci ba ne. Masu bidiyon nan ba na raina sana'arsu, wasunsu sun iya girki ƙwarai, amma suna da fitila, suna maimaita ɗauka, wanda ya lalace kuma ba za su nuna miki ba. Ke kuwa kina gwada girkinki na ranar Talata da girkin da aka shirya wa kyamara.

Batun gudaji mai sauƙi ne. Ki dama gari kaɗan da ruwan sanyi ki zuba a tafasasshen ruwa, ki bar talgen ya nuna sosai, kada ki yi gaggawa a nan. Sannan ki riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan kina tuƙawa da muciya, ki rufe ya sulala, ki sake tuƙawa kafin ki kwashe. Kuka kuma ki rage wuta, ki riƙa barbaɗawa da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗayan. In ma ya kama a gindin tukunya, ƙanzo kika samu, a gidanmu rububinsa ake yi.

Abin da na fi so ki yi shi ne ki ajiye wayar nan na mako guda. Ki kira mahaifiyarki ko gwaggonki, ki ce ta gaya miki yadda take miya ɗaya tak, taushe ce ko kuɓewa busasshiya ko kukar. Ba za ta ba ki awon cokali ba, za ta ce ki zuba daidai, ki ɗanɗana. Kada wannan ya ba ki haushi, haka aka koya mata, kuma haka hannu ke sanin gishiri. Taushen gidanku ba zai zama iri ɗaya da na maƙwabta ba, wata tana cika kabewa, wata yakuwa, wata gyaɗa, kuma babu wadda ta yi kuskure a cikinsu.

Shekarata 19 da aure yanzu, har yau akwai ranar da masata ke ƙin tashi idan sanyi ya yi yawa. Mukan ci ta haka da miya, yara ba su taɓa bari ta kwana ba.

Ki tambayi maigidan wace miya ya fi kewa daga gidansu. Ki yi ta ranar Juma'a, ku ci tare a kwano ɗaya tun da zafinta, ki dawo nan ki ba mu labari.