Wai an gano rigakafi ɗaya na duk cututtukan numfashi?

Tambaya: Salam likita. Ni mai sayar da albasa ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, duk damina sai mura da tari sun kwantar da ni da yarana. Na ji ana cewa Turawa sun gano rigakafi guda ɗaya da zai kare mutum daga mura da korona da nimoniya gaba ɗaya, da gaske ne? Kuma yaushe zai iso Legas?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Labarin yana da tushe amma an yi masa gishiri. A farkon 2026 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar da sakamakon wani rigakafi da ake ɗigawa a hanci, ya kare ɓeraye daga korona da wasu bakteriya masu kama huhu har kusan wata uku. Ɓeraye fa nace, ba mutane ba. Abin da ya yi aiki a ɓera sau da yawa in aka zo kan ɗan adam sai ya watse, kuma ko ya yi aikin ma sai an gwada shi mataki-mataki a jikin mutane, wannan kuwa shekaru ake ɗauka ba watanni ba.

To me ya sa abin yake da wuya haka? Abin da muke kira mura ba ƙwayar cuta ɗaya ba ce, rainobairos kaɗai mai kawo yoyon hanci ta haura iri 100, ga infuluwenza da take sauya kama kullum shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, ta zaɓi irin da za a sa a allurar shekarar, ga kuma bakteriyar nimoniya mai iri sama da 90. Rigakafin da muka saba da shi kamar ka ba maigadin shago hoton ɓarawo ɗaya ne, in wani ɓarawon daban ya zo sai ya wuce ta gabansa. Wannan sabon kuwa so yake ya hana maigadin barci kwata-kwata, wato ya ta da garkuwar jikin da aka haife mu da ita ta zauna cikin shiri a huhu, ko wa ya shigo ta far masa.

Tunanin ba sabo ba ne ma. Allurar BCG ta tarin fuka, wadda ke barin tabo a dantsen jarirai tun 1921 ake yinta, an daɗe ana lura kamar tana rage wasu cututtukan da ba tarin fuka ba. Amma da korona ta zo aka gwada ta a jikin dubban ma'aikatan lafiya a Ostireliya da Burazil da wasu ƙasashen Turai, ba ta hana su kamuwa ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne garkuwar da aka bari a kunne na tsawon lokaci tana iya juyowa ta kumbura huhun mai ita, musamman mai asma ko tsoho, kuma nan ne gwajin mutane zai yi magana.

Don haka duk wanda ya zo maka da kwalba a kasuwa ko a kemis yace ga allurar duk cututtukan numfashi, kuɗinka yake so, babu ita tukuna ko a Amurkan.

Wanda ke hannu yanzu shi nake so ka riƙe. Duba katin rigakafin yaran nan, allurar nimoniya ta PCV da penta (allura ɗaya mai kare yaro daga cututtuka biyar) kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi, ana yi a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa, in an tsallake a kai su a cike. Murar damina yawanci bairos ce, amoksisilin, maganin kashe bakteriya da ake saya a kemis, ba ya taɓa ta. Yaro in yana numfashi da sauri ko ƙirjinsa na lotsawa a kai shi asibiti a ranar. Kai kuma in tarin ya kai sati biyu bai tafi ba je a gwada majinarka, gwajin tarin fuka da maganinsa duk kyauta ne a asibitocin gwamnati.