Tambayi Likita: Makero, Ƙazwa da Farin Tabo

*Likita, ɗana mai shekara 7 gashin kansa na zubewa zagaye-zagaye, wurin ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Wata guda ina shafa masa man nan mai haɗi uku na kemis, amma abin sai faɗi yake. (Wata uwa daga Mabera)*

Hajiya, alamun makero ne, kuma don Allah ki ajiye wannan man yau ɗin nan. Akwai sinadarin sitiroyid a cikinsa, mai kwantar da ƙaiƙayi amma yana raunana garkuwar fata, sai cutar ta samu wurin yaɗuwa. Ba abin da ke damuna a asibiti kamar kurjin da aka shafe da irin wannan man, domin kamanninsa sun riga sun sauya kafin ya iso gabanmu.

Ƙwayar cutar fangas da ke jawo makero a cikin saiwar gashi yake zama, inda man shafawa ba ya kaiwa. Maganin sha ake bayarwa, yawanci griseofulvin na sati 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro, a sha bayan abinci mai maiƙo. Ki ware masa hularsa da matajinsa, ki saya masa rezarsa idan za shi wurin aski. A duba kan ƙannensa ma.

*Almajiraina da yawa ba sa barci saboda susa, musamman a kugu da tsakanin yatsu. (Malamin makarantar allo, Gidan Igwai)*

Allah gafarta Malam, ƙaiƙayin dare da ya kama masu kwana wuri ɗaya ƙazwa ce sai in an tabbatar da wani abu daban. Ana shafa man permethrin daga wuya har tafin ƙafa da dare, a wanke da safe, a maimaita bayan kwana 7. Kowa zai shafa rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. A wanke tufafi da barguna da ruwan zafi, a shanya tabarmi a rana. Ƙaiƙayin kan iya ɗaukar sati 2 zuwa 4 kafin ya lafa.

*Ina da fari-fari a ƙirji da baya, abokai na cewa kuturta ce. (Wani matashi daga Wamakko)*

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Da zafi da gumin Sakkwato, galibi kyasbi ne: in ka kankare shi da farce za ka ga ɗan gari yana tashi. Sabulun ruwa na ketoconazole yana kashe shi, sai dai launin fata kan yi watanni kafin ya dawo.

Amma ka yi wannan gwajin. Rufe idonka, wani ya taɓa tabon da auduga, sannan ya taɓa lafiyayyar fatar da ke gefensa. In ba ka ji taɓin a kan tabon ba, yana iya zama kuturta, sai ka je asibitin Amanawa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba ka. Kuturta tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, kuma kyauta ake ba da shi.